Amsa ga ƙanina: gyaran tsofaffin ajujuwa ko sabon gini?

Assalamu alaikum ƙanina,

Na ga tambayar da ka jefo min a bainar jama'a, ka ce wai me yasa Malam kullum yake nacewa a kan gyaran tsofaffin ajujuwa alhali yara sun yi yawa, ba sabbin makarantu ya kamata a gina ba? Toh tunda a fili kayi ta, bari nima in amsa a fili.

Wallahi ban taɓa cewa kar a gina ba, a gina mana, amma abun da idona ya gani a shekarun da nayi ina koyarwa shi ne yake sa ni nacin nan. A wata makaranta da na zauna iska ta ɗaga kwano ɗaya tak a farkon damina, aikin kafinta ne na rabin yini da ƙusa 'yan kaɗan, muka rubuta takarda muka sake rubutawa shiru, ruwa ya dinga zuba har silin ya jiƙe ya rufto, katakon rufin ya ruɓe, kafin damina ta biyu an sa wa ajin kwaɗo an kwashe yaran an haɗa su da na ajin da ke gefe. Ɗakin da aka gina don yara arba'in sai gashi ya ɗauki ninkin haka har da ɗoriya, wasu a ƙasa littafi a kan gwiwa, wasu a bakin taga, ni kaina bana iya takawa zuwa bayan aji balle in ga abun da yaron can yake rubutawa. Ka ga cunkoson nan ba haihuwa kaɗai ta kawo shi ba, aji muka rasa muna ji muna gani.

Kuma yawan yara ai baya zuwa bagatatan. Jaririn da aka haifa bana sai nan da shekara shida zai shigo aji ɗaya, duk hukumar da ke duba rejistar haihuwa da yadda unguwanni ke faɗaɗa ta san inda za a buƙaci aji tun kafin yaron ya iya magana. Inda aka buɗe ƙofa ba shiri an ga yadda ta kaya. Malawi ta cire kuɗin makarantar firamare a 1994, ɗalibai suka tashi daga kusan miliyan 2 zuwa wajen miliyan 3, dole aka ɗebi dubban malamai marasa horo, ana karatu a gindin bishiya. Yuganda a 1997 daga miliyan 3 da 'yan kai ta haura miliyan 5 cikin shekara guda, Kenya ma a 2003 sama da yara miliyan 1 suka ƙaru. Abun alheri ne babu shakka, 'ya'yan talakawa ne suka samu shiga, sai dai gini da malamai a baya suka biyo.

Inda nake tare da kai ɗari bisa ɗari shi ne sabbin unguwanni na bakin gari, wurin da yaro ƙarami ke tafiyar awa guda a ƙafa yana tsallaka titi, nan kam gyara baya magani, sabuwar makaranta ake so kuma a ware filin tun kafin a yanka shi fuloti. Inda fili ya ƙare a cikin gari a ɗora bene in injiniya ya tabbatar tushen zai ɗauka, kar a cinye filin wasan yara da bulo.

Sannan don Allah in ana lissafin aji a sa banɗaki da ruwa da benci da malami a ciki. Na sha ganin yarinya ta fara girma ta daina zuwa wasu kwanaki a wata saboda banɗakin babu ƙofa babu ruwa, wannan abun yana min ciwo har yau. Kuma duk ginin da za ayi a ware masa kuɗin gyara duk shekara a hannun hedimasta da kwamitin iyaye, yadda kwano ɗaya ba zai jira sa hannun wani ofis ba.

Ka samu lokaci ranar Litinin ka leƙa makarantar gwamnati mafi kusa da kai, ka gaida hedimasta ka roƙe shi ya nuna maka ajujuwa nawa ne a kulle da yara nawa ne a rejistar aji ɗaya, sai ka dawo nan ka faɗa mana abun da ka ƙirga.

Naka,
Malam