Ku Gyara Maganar Da Aka Yi Kan Fim Ɗin The Martian

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da abokan aikinku, na rubuto ne a kan maganar da baƙonku ya yi a shirin ranar Asabar, wadda har yau ta ƙi barin raina. Mai gabatarwa ya tambaye shi ko akwai bambanci tsakanin fim ɗin The Martian da littafin Andy Weir, shi kuwa ya amsa cewa babu wani abin a zo a gani da aka bari, wai wanda ya kalli fim ɗin ya hutar da kansa karatu. Aka yi dariya, aka sako talla, aka wuce wurin. Ina shago a lokacin, yaran aikina uku suna ji. Raina ya ɓaci ƙwarai da gaske. Maganar nan ba gaskiya ba ce, kuma duk wanda ya kai tsakiyar littafin bakinsa ba zai iya furta ta ba.

Tambaya ɗaya nake so ku kai masa: yaya Pathfinder ta ƙare?

Ya san na'urar da nake nufi, wadda NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta sauke a duniyar Mars a 1997, wadda Mark Watney, ɗan sama jannatin da aka bari shi kaɗai a Mars a labarin, ya je ya tono daga cikin rairayi don ya samu hanyar magana da mutanen gida. A fim ɗin Ridley Scott, tun da ya tayar da ita ba a nuna ya sake rasa muryar NASA ba. Kullum akwai masana a bayansa, suna ce masa yanke nan, kwance can. A littafi kuwa shi da hannunsa ya kashe ta. Yana gyaran motocin da zai yi doguwar tafiya da su, yana huda rufin ɗaya da injin huda, injin ya yi zafi, sai ya jingina shi da teburin aikin da Pathfinder ke kai don ya huce. Wuta ta bi ta jikin teburin ta shiga na'urar. Abin da aka ƙera don miliamfiya 50 ya sha amfiya 9, ninki 180 ke nan, ya ƙone ƙurmus. Ba guguwa, ba fashewa, ba laifin kowa. Mutum ne ya ajiye ƙarfe a inda bai kamata ba. Daga ranar sai jera duwatsu yake yi a ƙasa da alamomin Morse, wato rubutun ɗigo da layi, tauraron ɗan adam ya ɗauki hoto daga sama. Su suna jin sa, shi ba ya jin su. A haka ya kama hanyar kilomita 3,200 daga Acidalia Planitia zuwa ramin Schiaparelli, inda kumbon Ares 4, tawagar da za ta zo nan gaba, ke jira, wanda da shi zai tashi daga Mars.

Wannan ne baƙonku ya kira ba abin a zo a gani ba?

Malam Edita, sana'ata haɗa sola, shekara goma sha ɗaya ke nan ina ci da ita, kuma zan gaya muku dalilin da wannan wurin ya taɓa ni. Shekara huɗu da suka wuce aka kira ni wani ƙauye in duba solar rijiyar burtsatse da fitilun masallaci. Jama'ar gari ne suka yi karo-karo suka saya, har da matan da suka sayar da awakinsu. Cikin azumi ne, rana tsaka, na gaji. Duk yaron da ya yi wata ɗaya a shagona ya san ƙa'idar: kafin ka taɓa wayar batir, ka fara cire ta fanel. Ni da nake koyar da wannan ƙa'ida, ranar na manta. Na zare wayar batir alhali fanel na zuba wuta, na ji ɗan ƙauri, fuskar kwantirola ta mutu. Babu wanda ya lura sai ni. Na ciro waya in kira maigidan da ya koya mini aiki, babu sabis, sai an yi tafiya mai nisa an hau tudu. Na zauna a gindin tanki, gumi na zuba, dattawa na kallona daga inuwa suna jiran in ce an gama. Abin da na ji a ƙirjina a wannan zama ban taɓa jin irinsa ba: ni na ɓata, kuma ba wanda zai gaya mini yadda zan gyara. Na tashi na faɗa wa mai gari gaskiya, na kwana a garin, washegari na hau babur na je birni na sayo wata da kuɗin aljihuna.

Bayan wannan da 'yan watanni na ci karo da littafin a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a bakin titi. Na riga na kalli fim ɗin sau biyu a lokacin, na saya ne kawai don in gyara Turancina. Da na iso wurin da Pathfinder ta ƙone sai na rufe littafin na yi shiru, domin na san zaman da mutumin nan ya yi. Fim ɗin bai taɓa sa ni jin haka ba, saboda Watney na fim gwani ne da bala'i ke faɗo masa daga waje, na littafi kuwa ma'aikaci ne irinmu, wanda gajiya ke sa hannunsa ya yi kuskure, ya kuma ɗauki nauyin kuskuren shi kaɗai.

Kuma ba a nan ta tsaya ba. Saboda ba ya jin NASA, lokacin da guguwar ƙura ta tare masa hanya suna kallonta ƙuru-ƙuru a hotunan tauraron ɗan adam, ba su da halin ce masa ya kauce. Ita wannan guguwa ba ta kayar da komai. Haske take ragewa a hankali, fanel su kasa cika batir, tafiyar kowace rana ta riƙa gajarta har mutum ya makara, kumbon abokansa da suka dawo ɗaukarsa ya wuce ya bar shi. Duk mai aikin sola a ƙasar nan ya san wannan ciwo. Da hazo ya sauka a Disamba da Janairu wayata ba ta hutawa, kowa na kukan batirinsa ya lalace, alhali batir lafiyarsa lau, ƙura ce ta rufe rana ta kuma kwanta a kan fanel. Watney ya gano abin ne daga raguwar wutar da fanel ɗinsa ke bayarwa. Sai ya ajiye fanel a wurare uku, tsakanin kowanne da na gaba kilomita 40, ya auna wutar kowanne a rana guda, ya gane ta wane ɓangare ƙurar ta fi kauri, ya zagaye ta ta kudu. Na karanta wa yarana wannan wurin a shago, ina fassara musu, domin babu darasin amfani da mita da ya fi shi. A fim babu shi ko na minti ɗaya. Haka kifewar motarsa a gangaren shiga Schiaparelli, da kwanakin da ya yi yana fama kafin ya tayar da abin da ya kife, duk an share.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne guguwar da aka bari da wadda aka cire. Ta farkon labari, wadda ta tsinke eriya ta soke shi har abokansa suka ɗauka ya mutu, ba za ta yiwu ba. Iskar Mars ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin tamu ba, ko ta yi gudu yaya ba za ta jefar da mutum ba, kuma shi kansa Weir ya amsa cewa ya san haka, ya saka ta ne don labari ya tashi. Ta biyun ita ce ta gaske. Irinta ce ta kashe motar binciken nan Opportunity, wadda ke aiki da hasken rana: ƙura ta lulluɓe Mars a 2018, ta daina magana a watan Yuni, NASA ta haƙura da ita a Fabrairun 2019. Masu fim sun riƙe wadda ba ta yiwuwa saboda tana da ƙara da tartsatsi, sun yar da wadda ke faruwa. Shirin da ke cewa yana ilimantar da mu ya kamata ya faɗi wannan.

Sai ƙarshe. A littafi Watney ya kawo shawarar ya huda rigarsa ta sama jannati ya yi amfani da iskar da ke fita ya tura kansa zuwa kumbon abokansa, kwamandar tawagarsu Lewis ta hana, domin ba zai iya sarrafa inda zai nufa ba. Beck, likitan tawagar wanda fita wajen kumbo aikinsa ne, shi ya je ya ɗauko shi, kowa na kan aikin da aka horar da shi a kai. A fim sai ga shi ya huda safar hannu yana shawagi, kwamanda ta bar kujerarta ta fita da kanta ta cafke shi. Abin da littafi ya ce hauka ne, shi fim ya mayar jarumta. Wane shugaban aiki ne zai bar wurinsa a lokacin da aka fi buƙatarsa, ya karɓe aikin wanda ya fi shi iyawa?

Kada a ce na tsani fim ɗin. Matt Damon, wanda ya fito a matsayin Watney, ya yi ƙoƙari, hamadar Wadi Rum ta ƙasar Jodan da aka ɗauki hoton ta yi kyau matuƙa, kuma na ji daɗin ganin Chiwetel Ejiofor, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ko da yake a littafi mutumin da ya fito a matsayinsa Venkat Kapoor ne, aka mayar da shi Vincent. Na kuma san ba a zuba littafi guda cikin awa biyu da 'yan mintuna ba tare da an rage ba. Da baƙonku ya ce an rage saboda lokaci, da ban rubuto ba. Cewa ya yi ba a bar komai ba. Babban yarona, wanda na ba aron littafin yana ta fama da shi shafi biyu-biyu da ƙamus a gefe, ranar Litinin ya dawo mini da shi, ya ce ai an faɗa a rediyo duk ɗaya ne. Wata biyu na yi ina lallashinsa ya fara karatun nan, baƙonku ya rushe shi da jimla ɗaya. Mutanenmu sun yarda da abin da suka ji a rediyo fiye da abin da maigidansu ya gaya musu, ku ma kun san haka, don haka nauyin a wuyanku yake.

Tun da na riga na ɗauki alƙalami, bari in ƙara da wannan. Me ya sa kuka cire maimaicin shirin na safiyar Lahadi? Yanzu ƙarshensa yana cin karo da kiran sallar Magariba, dole mu kashe rediyo mu tafi masallaci, kuma daidai lokacin ne ake karanta saƙonnin masu sauraro. Na aiko da saƙo a kan wannan sau biyu, ban ji an ce komai ba. Ku dawo mana da maimaicin, ko ku matso da shirin baya da rabin awa.

Roƙona shi ne ku ware ko minti biyar ne a shiri na gaba, ku karanta wannan wasiƙa ko ku dawo da baƙon ya gyara maganarsa da bakinsa. In ba shi da littafin, nawa yana shago, zan kawo shi ofishinku da kaina. Zan tara yaran ranar Asabar mu saurara.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
wani mai haɗa sola daga Zariya