Mai Amfilifaya Ta Kwalba Ma Yana Da Buƙatar Feda

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina kan wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin matasanmu masu kaɗa jita a nan Legas, wato ko wanda Allah ya hore wa amfilifaya (akwatin ƙara sautin jita) mai kwalba ta ƙwarai yana da sauran buƙatar fedar nan da ake takawa don sauti ya yi kaushi, wadda makaɗa ke kira obadiraif.

Masu cewa babu buƙata ba su rasa hujja ba. Kaushin da ake nema asalinsa daga kwalaben gilashin nan ne masu haske a bayan akwatin, domin idan aka murɗa murya har ƙarfin da ke shiga ya fi abin da kwalba za ta iya ɗauka, sai ta danne sautin, ya yi kauri, ya kuma daɗe yana amo kafin ya mutu. Feda kwaikwayon wannan take yi, tun daga Boss OD-1 da ta fito a 1977 har Tube Screamer ta kamfanin Ibanez da ta biyo baya a 1979. Don haka suke cewa wanda yake da na ainihi ba ya neman kwaikwayo.

Abin da suke mantawa shi ne irin ƙarar da ake kaiwa kafin kwalba ta fara wannan kaushi. Amfilifayar Fender Twin Reverb wat 85 gare ta, kuma an ƙera ta ne domin sautinta ya zauna garau ko an ɗaga murya sosai, ita kuwa tsohuwar Marshall mai wat 100 sai ta kusa fasa dodon kunne take ba da abin da aka san ta da shi. Rage wat ma ba ya warware matsalar yadda ake zato, saboda bambancin ƙara tsakanin wat 100 da wat 50 desibel 3 ne kacal a ma'aunin ƙara, kuma ko mai wat 15 ka buɗe har ƙarshe a gidan haya a Agege ko Idi-Araba, kafin ka gama saita igiya maƙwabta sun fara buga ƙofa.

Na ga wannan da idona a wani ɗaurin aure da muka yi wa kiɗa. Wani ƙanena a sana'a ya murɗa muryar amfilifayarsa har lamba bakwai don ya sami sautin da yake so, sai ga wata dattijuwa daga dangin amarya ta taso, hannu a kunne, ta ce masa, “Ɗana, biki muka zo ko yaƙi?” Dole ya sauke ta zuwa uku, kuma daga nan jitar tasa ta koma siririya, ganga da fiyano suka binne ta har aka tashi. Da yana da feda a ƙasan ƙafarsa, da ya sami kaurinsa a wannan ƙaramar muryar, Hajiya kuma ta ci abincinta cikin kwanciyar hankali.

Ban da haka, feda ba kishiyar kwalba ba ce. Idan aka rage maɓallin kaushinta aka ɗaga na ƙarfi, tura kwalbar farko ta cikin amfilifaya take yi har ta yi kaushin da kanta, kuma Tube Screamer tana rage ƙasan sauti ta ɗaga tsakiyarsa, wanda shi ke sa jita ta fito fili a cikin taron kayan kiɗa. Marigayi makaɗin jita Stevie Ray Vaughan na Amurka, wanda ba wanda zai ce ya rasa amfilifaya ta kirki, da ita yake tura kwalaben Fender ɗinsa.

Na yarda cewa irin kiɗan ma yana da ta cewa. Mai bin salon juju irin na King Sunny Adé ko Ebenezer Obey sauti mai tsabta yake nema, feda ba za ta ƙara masa komai ba. Amma yawancin yaranmu kunnensu yana wajen makaɗan Nijar irin su Bombino da Mdou Moctar, kuma wannan salo da kaushi yake tafiya.

Inda nake jan kunnensu shi ne batun wuta. Tamu bolt 230 ce, amfilifayar da aka yi don kasuwar Amurka kuwa 120 take sha, sai da taransifoma, ga kuma janaretan wuraren biki da ke hawa da sauka yadda ya ga dama. Ni kaina na yi asarar guda ta wannan hanya, na ji ƙauri kafin in kai hannu ga makunni. Saboda haka wanda zai je kasuwar kayan lantarki ta Alaba ya fara da sitabilaiza, sannan feda guda ɗaya, ba biyar ba. Batir mai bolt 9 ya ishe ta, tana shiga jakar jita, kuma ranar da ba za ka iya ɗora Twin Reverb mai nauyin kusan kilo 30 a motar haya ta danfo ba, sai ka jona fedar a duk amfilifayar da ka tarar a wurin.

Naka,
Wani makaɗin jita,
Agege, Legas.