Takardar Koke Kan Zauren Marigayi Barista da Filin da Ya Bari Wakafi

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Katsina,
Alhaji Dakta Abdulmumini Kabir Usman,
Gidan Korau, Katsina.
Ta hannun Mai Girma Magajin Garin Katsina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya taimaki Sarki, Allah ya ja zamanin magajin Korau, jikan Nagogo. Bayan gaisuwar ban girma da jaddada biyayya, mu talakawanka mazauna bayan Ƙofar Marusa, dattawa da matasa da iyayenmu mata, mun kawo kukanmu gaban uba. Ba mu so ta kai ga takarda ba, amma abin da aka yi mana daren Talatar da ta wuce ya fi ƙarfin haƙurinmu.

Ranka ya daɗe, bayan an watse daga sallar isha'i wata tifa ta shigo layinmu da baya, ta juye yashi a filin da marigayi Barista ya bari wakafi, ta daki katangar zaurensa har kusurwar gabas ta rufta. Kafin gari ya waye an sauke bulo, an ja igiya, ana haƙa harsashin gini. A cikin zauren nan akwai durowar ƙarfe da ya tara takardun shari'ar talakawa. Mun same ta a kife. Da hannunmu muka riƙa tsintar takardun gado da na cinikin gonaki daga cikin ƙura, wasu a yage. Uwargidan marigayin tana ciki, ko takaba ba ta gama ba. Tana jin ƙarar rushewar ginin mijinta, yaran suna kuka, ba ta da halin fitowa ta tsaya da magina. Da muka tambaye su wa ya aiko su, suka ce wani babba ne, kuma wai yana da takarda. Har yau ba mu ga takardar ba, shi ma bai zo ba.

Allah ya ba Sarki nasara, ya kamata a san wane ne aka yi wa haka. Ɗan unguwar nan ne. Ya yi karatun shari'a a Kongo, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya wuce makarantar horon lauyoyi a Legas. Da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 ya tattaro daga Kaduna ya dawo gida, bai sake barinmu ba. Da rana yana kotu da baƙar rigarsa, bayan magariba kuwa tabarma yake shimfiɗawa a zaure, mai kuka ya zo ya zauna. Bai taɓa karɓar kwabon talaka ba. Mata nawa aka so a danne musu tumuninsu ya tsaya har aka ba su? A bakinsa yawancinmu muka fara jin cewa beli kyauta ne, kuma sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya ko biyu. In za a yi cinikin gida sai ya sa an rubuta an kafa shaidu, yana jawo mana ayar bashi ta Suratul Baƙara. Mutanenmu kan ce lauya ba ya rabuwa da ƙarya, to wannan bawan Allah ya sa mun daina faɗin haka.

A gida ma haka yake. Shi ke kai 'ya'yansa islamiyya da ƙafarsa. Marayun ƙanensa a hannunsa suka tashi, baƙo ba zai iya bambanta su da nasa ba. Mahaifiyarsa kuwa har ta koma ga Allah bai taɓa fita aiki bai durƙusa ya gaishe ta ba. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Filin nan ya bayar da shi ne don a gina islamiyya da ɗakin da matasan lauyoyi za su ci gaba da sauraren talakawa kyauta. Ya faɗa a masallaci gaban liman, ya kuma rubuta ya sa hannu. Tun bayan sadakar arba'in muka ga an kafa turaku a wurin. Mun je wurin mai unguwa, ya yi iya ƙoƙarinsa. Mun je ofisoshin da abin ya shafa, mun rubuta, mun koma, mun sake komawa: yau maigida ya yi tafiya, gobe ana neman fayil. Ana cikin wannan jeka-ka-dawo tifa ta iso.

Sarki ya fi mu sani, wakafi ba a sayar da shi, ba a kyautar da shi, ba a gadonsa, tun daga gonar Sayyidina Umar ta Khaibara. Ko dokar ƙasa ta 1978 da ta damƙa filaye amana a hannun gwamna ba ta yarda a ƙwace ba sai don amfanin jama'a, da sanarwa, da diyya. Shi kuwa zauren na marayu ne, kuma aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ta faɗi makomar mai cin dukiyarsu.

Don haka muna roƙon Mai Martaba ya sa a tsayar da ginin nan yau, kafin ya kai linta a ce mana aikin gama ya gama. A kira mai da'awar fada ya zo da takardarsa, mu zo da tamu da shaidunmu. A sa shi ya tayar da katangar da ya rushe, ya kuma nemi gafarar matar da ya tsorata tana cikin takaba. Muna roƙo a yi magana da reshen Katsina na Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya su karɓi sauran takardun su mayar wa masu su. In Sarki ya ga dacewa, ya sa baki a raɗa wa layin nan sunan marigayin.

Amma, ranka ya daɗe, na farkon shi ne na gaggawa. Matasanmu sun so su kwashe bulon nan su watsar, mu dattawa muka hana su da sunan Sarki. Magina kuwa har safiyar yau suna kwaɓa siminti. A taimake mu a tsayar da su.

Mun haɗa wannan koke da kwafin takardar wakafin, da hotunan ɓarnar, da sa hannun magidanta.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Dattawa, matasa da matan unguwar bayan Ƙofar Marusa, Katsina.