A Riƙa Gwada Jinin Awaki Kafin A Haɗa Su Barbara

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin masu kiwon awaki a nan Zariya da kewaye, musamman iyayenmu mata da ke kiwo a cikin gida, game da wasu al'adu biyu da ba mu ɗauke su a bakin komai ba, wato aron bunsuru daga maƙwabta, da kuma sayo akuya daga kara a ɗaure ta a turke ɗaya da sauran tun ranar da ta iso.

Bara waccan yayata da ke aure a cikin birni ta kwashi adashi, ta bayar aka sayo mata akuya mai ciki domin ta ƙara a kan jajayen awakinta guda biyar. Dillali ya buɗe bakin akuyar ya nuna haƙora, ya shafa gadon bayanta, ya ce lafiyarta ƙalau, kuma a ido gaskiya ya faɗa. Ba ta cika wata guda a gidan ba ta yi ɓari. Aka ce wahalar mota ce. Yayata ta kwashe ɗan tayin da mabiyiya da hannunta ta ba yara suka jefar a juji, sauran awakin kuma suka ci gaba da cin dusa da harawa a daidai wurin da ruwan haihuwar ya zuba. Da zagayowar shekara, sai biyu daga cikin awakin suka zubar da ciki a wata na huɗu, alhali saura ƙiris su cika wata biyar ɗin da akuya ke yi. Wasu suka ce leda suka ci, wasu suka ce baki ne. Ita kanta mai awakin ta shafe watanni tana fama da zazzaɓin da ke tafiya ya dawo, da gumin dare, da ciwon gaɓoɓi, tana shan maganin maleriya da na taifod ba sauƙi. Sai da wani likitan dabbobi ya ɗebi jinin awakin sannan aka gane cewa bakkale ce, cutar da likitoci ke kira burusela, kuma shi ne ya ce lallai ita ma ta je asibiti a gwada ta.

Na tsaya a kansa lokacin da yake aikin, kuma sauƙinsa ne ya fi ba ni haushi. Ya zuƙi jini kaɗan daga jijiyar wuyan kowace akuya, aka bar shi ya daskare har ruwansa ya tsatso. Ɗigo ɗaya na wannan ruwa ake haɗawa da ɗigon wani magani mai launin ruwan hoda a kan farin faranti, a riƙa jujjuyawa har minti 4. Idan akwai alamar cutar, sai a ga ya tsinke ya yi gudaji-gudaji kamar nonon da ya lalace. Ya bayyana mini cewa akan sake tabbatarwa da wani gwajin a ɗakin bincike, kuma dabbar da ta kamu kwanan nan tana iya tsallakewa a karon farko, saboda haka akan maimaita bayan 'yan makonni.

Dalilin da ya sa na nace a kan a yi gwajin kafin barbara shi ne, bakkale ba ta cika nuna kanta ba sai ciki ya yi nisa, lokacin da an riga an yi asarar dusa da kanwa da wata huɗu na jira. Akuyar da ta yi ɓari sau ɗaya tana iya haihuwa lafiya a gaba, amma ta ci gaba da fitar da ƙwayar cutar a nono da ruwan haihuwa. Shi kuma bunsurun unguwa, wanda yau yana wannan gida gobe yana wancan, yana cuɗanya da kowane garke, wani lokaci ma akan ga marainansa sun kumbura ba wanda ya damu. Allurar da muke saye a kemis mu yi wa dabba da kanmu ba ta raba ta da wannan cuta. Sannan ba kowane ɓari ne bakkale ba, domin yunwa tana jawo shi, haka ma wata ƙwayar cuta da ke cikin kashin kyanwa idan ya gauraya da abincin dabbobi, kuma ba a bambance su da ido.

Akwai kuma cututtukan da ake iya gani da ido. Cutar PPR, mai zuwa da majina da gyambon baki da zawo ta share garke cikin kwanaki, tana da allurar rigakafin da ake haɗawa a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato, allura ɗaya tana kare dabba shekara 3 ko fiye, har hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke fatan kawar da ita. Akwai ciwon huhu, akwai ƙurajen baki da kan hana 'ya'ya tsotso, akwai marurun da ke fitowa a ƙasan kunne ko muƙamuƙi, wanda idan ya fashe mugunyarsa ke ɓata turken. Maganin yawancinsu shi ne a ware sabuwar dabba a wani lungu na gidan har mako uku zuwa huɗu, da kwanon ruwanta daban.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, Zariya ba garin da za a ce ya rasa masana ba ne. Muna da Tsangayar Likitancin Dabbobi da asibitinta na koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ga cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, wato NAPRI, a Shika. Amma matar da ke Ƙofar Doka ko Tudun Wada da awakinta uku ba ta taɓa jin cewa ana gwada jinin akuya ba, kuma ko ta ji, ba za ta ɗauki hayar Keke Napep ta kai su Samaru ba. Ina roƙon waɗannan cibiyoyi da ma'aikatar gona ta jihar Kaduna da ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari su fito da aikin waje, a kafa teburin gwaji a kara ranakun kasuwa, a sa masu unguwanni su tara bunsuran da ake aro a gwada su sau ɗaya a shekara, a kuma tura malaman dabbobi mata waɗanda za su iya shiga gidajen da aka rubuta ba a shiga.

Ba zan ɓoye inda gizo ke saƙar ba. Wanda aka ce masa akuyarsa tana da bakkale, idan ba wani tallafi zai samu ba, kara zai mayar da ita ya sayar wa wani, kuma ina kyautata zaton ta haka aka yi ta faɗo gidan yayata. Dole hukuma ta tanadi diyya ko hanyar yanka irin waɗannan dabbobi a ƙarƙashin kulawar likita. Kafin nan, ina roƙon mata su riƙa tafasa nonon akuya kafin a ba yara, su sa leda a hannu idan za su taɓa abin da aka ɓarar, a binne shi da zurfi, mai juna biyu kuma kada ta kusance shi.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai kiwon awaki,
Tudun Wada, Zariya.