Ruwan lagireto: Kada launi ya ruɗe mu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in yi magana da direbobi da masu motoci da ’yan uwa kanikawa kan ruwan da muke ɗura wa lagireto. Zafi na tafe, kuma da zarar watan Afrilu ya kama, ana samun ma’aunin zafi ya haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, sai ka riƙa ganin motoci a gefen titi an ɗage bonet, tururi na tashi, direba na neman ruwan leda. Yawancin wannan wahala daga ruwan da ke cikin injin take farawa.

Mutane da yawa sun ɗauka kulant, wato ruwan sinadari da ake sayarwa don zubawa a lagireto, na ƙasashen sanyi ne, wai amfaninsa hana ruwa daskarewa, mu kuwa ina ruwanmu da ƙanƙara. Wannan ɗaya ne kawai daga cikin ayyukansa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100. Idan an gauraya shi rabi da rabi da kulant, ba ya tafasa sai wajen digiri 107, kuma idan murfin lagireto lafiyayye ne yana riƙe matsi, sai ya kai wajen 125. Amma babban aikin shi ne hana tsatsa. Injinan yanzu kan silindarsu alminiyam ne, lagireton ma haka, ga ƙarfe, ga roba, duk ruwa ɗaya ke zagaya su. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishiri da sinadaran ƙasa. Duba cikin butar shayi da ta daɗe ana dafa ruwa, za ka ga farin ɓawo ya manne a gindinta. Irin wannan ɓawon ke toshe siraran hanyoyin lagireto. Tsatsa kuma tana cinye fuka-fukan famfon ruwa har ya koma yana juyawa ba ya tura komai, ta huda marafen ƙarfe da ke jikin injin. Ruwan leda ma bai tsira ba, don an tace shi ne domin sha, ba a cire masa waɗannan sinadaran ba. Wanda ya dace shi ne tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, amma a tabbatar ba mai asid aka ba ka ba.

Sai batun zaɓi, inda aka fi yin kuskure. Mutum ya shiga shago ya ce a ba shi “ja” ko “kore”. Launi rini ne kawai da kamfani ya zuba. Jarka biyu na iya zama ja dukkansu alhali abin da ke cikinsu ya sha bamban. Abin dubawa shi ne maganin hana tsatsar da aka yi amfani da shi. Tsohon samfuri, wanda ake rubuta wa IAT, galibi kore, yana shafe jikin ƙarfe da sauri amma ƙarfinsa yana ƙarewa da wuri, shi ya sa ake canza shi duk shekara 2. Samfurin OAT yana kai shekara 5. Akwai kuma HOAT, wanda ya haɗa dabarun biyu.

Kamfanonin Japan sun fi son mai sinadarin fosfet, suna guje wa siliket. Na Turai kuwa suna guje wa fosfet, saboda yana haɗuwa da ruwa mai gishirin ƙasa ya yi ɓawo. Don haka kulant ɗin Corolla ko Camry ko Sienna daban yake da na Golf ko Sharan da ake jigila da su. Toyota na da Super Long Life mai ruwan hoda, wanda ya zo a gauraye, ba a ƙara masa ruwa. A sabuwar mota yana kai kilomita 160,000, bayan nan kuma duk kilomita 80,000. Honda na da Type 2 mai launin shuɗi, shi ma a gauraye. Motocin Volkswagen suna bin lambobi irin su G11 da G12 da G13. A duba littafin mota ko jikin robar ajiyar ruwa, sannan a nemi wannan lambar a bayan jarka. Jarkar da ba ta faɗi samfurinta ba, ba ta faɗi ko a gauraye take ba, kuma kuɗinta ya yi arha fiye da kima, ni dai ba zan ba da shawarar a saye ta ba, don akwai ruwan rini a kasuwa.

Haɗa samfuri biyu yana kashe ƙarfin duka biyun, wani lokaci ma ya rikiɗe ya yi kauri kamar kunu ya toshe lagireto. Wanda ya sayi mota ’yar Kwatano bai san abin da ke cikinta ba, gara ya zubar da shi duka ya wanke ya fara daga farko.

Ga yadda ake canjin. A bar injin ya huce sarai, ya fi kyau da safe kafin a tayar da mota. Buɗe murfin lagireto da zafi yana watso tafasasshen ruwa a fuska da hannu, kuma ƙuna ce mai muni. A sa roba mai faɗi a ƙasa, a buɗe murfi, a kwance ɗan makunnin da ke gindin lagireto. Na roba ne a yawancin motoci, da hannu ake murɗa shi, filaya na karya shi. In babu, a cire tiyon ƙasa. A ciro robar ajiyar ruwa a wanke ta. Daga nan a rufe, a cika da tataccen ruwa, a murɗa hita zuwa ƙarshen zafi ko da ba a amfani da ita, domin ruwan ya ratsa ta cikinta, a bar injin ya yi aiki kamar minti 15. A kashe, a jira ya huce, a sake zubarwa. A maimaita har ruwan ya fito garau.

A nan akwai wani abu da ko kanikawa ke mantawa. Lagireto ba ya zubar da ruwan duka. Kusan rabi na iya maƙalewa a jikin injin. Idan ka wanke da ruwa sannan ka zuba kulant wanda ya zo a gauraye, ruwan da ya rage zai tsinka shi. Maganin shi ne a yi amfani da kulant mai kauri, wato wanda ba a gauraya shi da ruwa ba. Ƙananan motoci masu silinda huɗu suna ɗaukar lita 5 zuwa 7. Idan taka lita 6 take ci, zuba lita 3 na mai kauri tukuna, ka cike sauran da tataccen ruwa. In kuwa gaurayayye kaɗai ake samu, a kwance notin zubar da ruwa na jikin injin. Kada kuma a zuba mai kauri zalla da tunanin ya fi ƙarfi: ba ya kwashe zafi kamar ruwa, injin zai ƙara zafi ne.

A zuba a hankali da mazurari, ana matsa tiyon sama da hannu don iska ta fito. Peugeot 406 da wasu motocin Turai suna da ƙananan notuna na fitar da iska. A buɗe su har ruwa ya fito babu kumfa. A tayar da injin, a jira tiyon sama ya ɗauki zafi, fanka ta tashi ta tsaya, a ƙara abin da ya ragu. Iskar da ta maƙale tana sa allurar zafi hawa da sauka, kuma tana iya ƙona gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da jikin injin. Robar ajiya a cika ta tsakanin layin ƙasa da na sama, ba har baki ba. Washegari da safe a sake dubawa.

Ina kira ga ’yan uwa kanikawa da mu daina cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tare ruwa daga zuwa lagireto har sai injin ya ɗauki zafi. Al’adar ta yi yawa: mota ta iso, a cire shi, a haɗa fanka kai tsaye, a ce “ai nan ƙasar zafi ce”. A yawancin Toyota yana buɗewa ne a wajen digiri 82, kuma da zarar ya buɗe ba ya tare komai. Idan babu shi, injin na daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, kwamfutar mota ta ci gaba da ƙara fetur, mai ya riƙa tafiya a banza, injin ya riƙa ci da wuri. Idan mota na zafi, a nemi dalili: toshewar lagireto, famfon ruwa, fanka, ko murfin da robarsa ta mutu. Murfin ma yana da lambar matsin da yake riƙewa a kansa, kamar 0.9 ko 1.1, a saya daidai da ita.

Idan kuwa ruwa na raguwa ba a ga inda yake ɗiga ba, salansa na fitar da farin hayaƙi, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ko kumfa na tasowa a bakin lagireto, to gasket ya tafi, canjin ruwa ba zai yi magani ba. Haka nan kada a kwara ruwan sanyi cikin injin da ya yi zafi, yana iya lanƙwasa kan silinda ko ya tsaga shi.

Tsohon kulant guba ne, ga shi da zaƙi-zaƙi a baki. Yara da awaki da kyanwa suna iya sha, kuma kaɗan ya isa ya lalata ƙoda. Kada a zuba shi a gorar lemo, kada a malalar da shi a ƙasa ko kwata kusa da rijiya. A tara shi a jarka mai murfi, a rubuta a jiki. Yaron da ya sha, a garzaya da shi asibiti nan take ko da bai nuna wata alama ba, a tafi da jarkar don likita ya gani.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wani bakanike,
Kano.