Yaron da aka haifa a Tudun Wada, ɗan wace ƙasa ne?

Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da ya tsaya min a rai tun watan jiya.

Muna da maƙwabci a nan Tudun Wada, dattijo ne mai sayar da kilishi, mutumin Tawa ta Nijar, ya shigo Kaduna tun shekarar farin nan na 1984, yunwar da mutanen can ke kira El-Buhari. Matarsa ma daga can take. Takardarsa ta zama a ƙasa yana da ita, a cikin wata leda yake ajiye ta a ƙarƙashin katifa, kuma bai taɓa bari ta mutu bai sabunta ba. Ɗan autansa a gabanmu aka haife shi, mu muka ci naman sunansa, firamare da sakandare duk a nan ya yi, in yana Hausa ba ka ce ya taɓa jin sunan Tawa ba, sau biyu ma kawai ya taɓa zuwa can. To ya zo neman gurbin karatu aka ce ya kawo takardar shaidar asali ta ƙaramar hukuma, wato indijin, ya je, aka tambaye shi garin babansa, yaro bai iya ƙarya ba ya faɗi gaskiya, sai aka miƙo masa fom ɗinsa aka ce a nan kam ba shi da rabo. Da yamma ya same ni a ƙofar gida ya ce, "Baba, to ni yanzu ɗan ina ne?" Wallahi na rasa amsar da zan ba shi.

Abin da ya sa na je na duba tsarin mulkin 1999 kenan. Sashe na 25 ya ce wanda aka haifa a Najeriya bayan samun 'yancin kai ɗan ƙasa ne in har uwarsa ko ubansa ko ɗaya daga cikin kakanninsa ɗan Najeriya ne. Kenan haihuwa a ƙasar nan ita kaɗai ba ta ba ka komai, jini ake bi. (A nan ma akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba, in uwa 'yar Najeriya ce to ɗa ɗan ƙasa ne cikakke ko da uban daga ina yake, na sha jin ana musu a kan wannan a majalisar hira.) Shi wannan yaron ba shi da ko ɗaya, sai dai ya bi sashe na 27, ya nemi a ba shi ɗan ƙasa kamar baƙon da ya zo da girmansa, ya nuna shekara 15 na zama, gwamnan jiha ya gamsu cewa jama'a sun karɓe shi, takardu su tafi Abuja, shugaban ƙasa ya amince. Ɗan mai kilishi ina zai ga wannan hanyar, wa ya sani a Abuja?

Kuma kowa ya san abin da ake yi, abokansa har dariya suka yi masa wai me ya kai shi faɗin Tawa, da ya ce Katsina ko Daura ai da tuni an wuce wurin. Kenan doka ta hukunta mai gaskiya ta kyale mai dabara, wannan ne ya fi ci min rai.

Ba wai ina cewa mu zama Amurka ba, inda tun gyaran tsarin mulki na 14 a 1868 duk wanda aka haifa a can ɗan ƙasa ne, su ma ai ga shi Trump ya sa hannu a wani umarni a Janairun 2025 don ya taƙaita abin, amma ko shi bai taɓa 'ya'yan masu takardar zaman dindindin ba. Ku dubi Ingila, tun 1983 suka daina bayarwa don haihuwa kawai, amma in ɗaya daga cikin iyaye yana da izinin zama na dindindin lokacin haihuwar to yaro ɗan ƙasa ne, in ma babu, yaron da ya yi shekara 10 na farkon rayuwarsa a can yana da damar yin rajista. Jamus ma da aka san su da bin jini sun sassauta a 2000, sannan a 2024 suka rage shekarun zaman da ake buƙata daga iyaye daga 8 zuwa 5. 'Yan uwanmu da ke can suna cin wannan moriyar muna ta barka a WhatsApp, amma a gida ba mu yi wa kowa irinta ba.

Na san za a ce tsaro, iyakokinmu a buɗe suke, haka ne, ban musa ba. Amma ai wanda ya kai kansa ofis aka ɗauki hotonsa da yatsunsa yake sabunta takarda shekara da shekaru ba shi ne abin tsoro ba. Kuma mu Hausawa ya kamata mu fi kowa jin zafin wannan, mu da muke da dangi a Makka da aka haifa a can suka tsufa a can ana ce musu takari, ga kuma yadda aka kori baƙi daga Gana a 1969 har da namu a ciki. A nan gida ma ba a manta da Shugaba Darman ba, shugaban masu rinjaye a majalisar Borno da aka kwashe aka kai Chadi a 1980 wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu ta dawo masa da haƙƙinsa. In an yi wa mai muƙami haka, ina ga talaka. Ga shi Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, dattijon nan kullum tambayarsa ita ce ko takardar zaman tasa za ta ci gaba da aiki.

Roƙona ga sanatocinmu da 'yan majalisar wakilai na jihar Kaduna, tunda kusan kowane zango sai an yi zaman gyaran tsarin mulki, a sa wannan a ciki: yaron da aka haifa a nan, iyayensa suna zaune bisa ƙa'ida, ya yi shekara 10 ko ma 15 a ƙasa, a ba shi damar rajista a jiharsa ba sai ya je Abuja ba. Na san sai majalisun jihohi 24 sun yarda, ba aikin kwana ɗaya ba ne, amma a fara.

Yaron dai yanzu yana taya babansa shanya nama a bayan gida, fom ɗin na nan a cikin ledar nan tare da takardar baban.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Tudun Wada, Kaduna