Rahoton Ayyukan Shekara: Shekarar Farko ta Ɗan Aike

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan uwa masu gyaran waya da kwamfuta. Tarurrukanmu na wata-wata sun gudana, in ban da na watan azumi da muka ɗage. An je ta'aziyya da sunan ƙungiya duk inda aka yi mana rashi, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Lissafin kuɗi ma'aji zai karanto da bakinsa. Abin da ya cinye lokacin kwamiti a bana shi ne Ɗan Aike, manhajar nan da ke amsa tambaya a zaurenmu na Telegram, don haka a kansa zan tsaya.

In ba ku manta ba, babban taron bara ya ɗora mana nemo abin da zai hutar da sakatare da ma'aji daga maimaita amsa ɗaya kullum: yaushe ne taro, nawa ake bi na, wa ke da gilashin waya kaza. Mun duba manhajoji biyu masu amsa saƙo da kansu: Hubot, wanda kamfanin GitHub ya saki a 2011, da kuma Errbot. Muka ɗauki Errbot saboda da Python aka rubuta shi, wani harshen rubuta manhaja da wasu daga cikin yaran shagunanmu suka ɗan taɓa. Lasisinsa GPL ne na 3. Ba mu biya kowa sisi ba, kuma muna da damar kwance shi mu gyara, sharaɗin dai in mun ba wasu wanda muka gyara, mu ba su a buɗe kamar yadda muka samu.

Ɗora shi bai wuce tsakanin azahar da la'asar ba. Muka sauke shi da pip, manhajar sauke kayan Python, a kan Raspberry Pi 4, ƙaramar kwamfutar da ke ofis, BotFather, mai yi wa irin su Ɗan Aike rajista a Telegram, ya ba mu mabuɗin sirri, muka zuba a config.py, fayil ɗin saitinsa, tare da waɗanda za su riƙa ba shi umarnin shugabanci. Wuri ɗaya ya ɗan ba mu ciwon kai: Errbot ya saba jin umarnin da ya fara da alamar motsin rai, alhali a cikin zaure Telegram ba ya miƙa wa irinsa kowace hira, sai umarnin da ya fara da "/" ko saƙon da aka nufe shi da shi. Muka canza alamar, ya fara amsawa. Ran nan har shayi muka sha, muna ganin an gama. Ashe ba a fara ba.

Daɗin Errbot shi ne ana yi masa dashe, wato ana ƙara masa reshe mai sabon aiki. Kowane reshe fayil biyu ne, ɗaya na bayaninsa, ɗaya na aikinsa. Mun dasa uku: /taro, /kudi da /kaya. Shi /kudi a keɓe yake amsawa, don bashin mutum ba abin shela ba ne, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 da ta hau kanmu tunda muna riƙe da lambobin mambobi. A /kaya muka ci karo da matsalar ƙugiya: wani ya rubuta ƙ, wani k, Ɗan Aike ya ce babu kayan alhali suna jibge a shagon maƙwabci. Muka koya masa ya ɗauke su ɗaya. Illarsa, yanzu kafar caji da ƙafar IC duk ɗaya ne a idonsa, sai a yi haƙuri a karanta amsar da kyau.

Da damina aka ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu, memorin na'urar ya lalace, bayanan biyan kuɗi suka tafi. Littafin ma'aji, wanda wasunmu ke yi wa dariya, shi ya fitar da mu kunya. Tun daga nan muka jona masa batir, muka sa systemd, mai kula da manhajojin da ke aiki a na'urar, ya riƙa tayar da Ɗan Aike in ya faɗi, duk Juma'a kuma ana kwafe bayanan a filash. A sani cewa Telegram ba ya ajiye masa saƙo fiye da awa 24, saboda haka wanda ya tura umarni a kwanakin da na'urar ke kwance bai ji amsa ba, ba raini ba ne.

Sai ƙarshen Oktoba, tunatarwar taro ta koma zuwa a makare da awa guda. Mun daɗe muna zargin reshen /taro kafin mu gano cewa na'urar agogon Landan take bi. Lokacin zafinsu agogonsu daidai yake da namu, da suka mayar da shi baya sai ya tafi da mu. An saita shi kan lokacin Legas.

Iyayenmu da dama sun nemi a kai shi WhatsApp, inda suka fi zama. Kwamiti bai amince ba tukuna: halastacciyar hanyar sai da asusun kasuwanci da biyan kuɗi, ta bayan fage kuwa tana iya jawo a rufe lambar ƙungiya. Har yanzu da hannu nake kwafo muku sanarwa zuwa can.

Abin da ya fi damu na shi ne mutum biyu kacal suka san cikin Ɗan Aike, ɗayansu kuma ya tafi bautar ƙasa. In na biyun ya kwanta zazzaɓi, sai dai mu zuba wa na'urar ido. Kwamiti na roƙon wannan taro ya amince da kuɗin ƙaramin sola da data na shekara, sannan duk maigidan da ke da yaro mai son Python ya sako mana shi ranar Asabar bayan la'asar. Takardar rubuta suna tana wurin ma'aji.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa